Wa Zai Ci Tuwo da Mai Farfaɗiya?

 Karatunmu na yau yana cikin littafin Sama'ila na Biyu sura 9, da kuma Bishara ta hannun Markus sura 9, daga aya 14 zuwa 29. In kana da Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe, mu bi tare.

Ina yi muku wannan magana ne daga Ƙofar Sauri, cikin birnin Katsina. Wanda ya tsaya a wannan ƙofa da sassafe zai ga mutanen ƙauye suna shigowa ta hanyar Kaita, waɗansu za su kasuwa, waɗansu za su asibiti. Zai ga makaho da ɗan jagoransa. Zai ga gurgu a kan kekensa. Waɗannan mun saba ganinsu, har a ƙasar Hausa tun dā suna da shugabanninsu, akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, akwai sarkin kutare. Amma akwai wani wanda ba za ka gan shi a ƙofa ba, ba shi kuma da sarki. Yana can ƙuryar ɗaki, an ɓoye shi. Shi ne mai farfaɗiya. Zan zo kansa, amma bari mu fara da wani yaro wanda ya zama maraya, ya kuma zama gurgu, duka a rana ɗaya.

Sunansa Mefiboshet, ɗan Jonatan, jikan sarki Saul. Sura 4 aya 4 ta gaya mana yana da shekara 5 sa'ad da labari ya zo cewa an kashe ubansa da kakansa a yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi da gaggawa za ta gudu, sai ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka lalace. Dā can muna karanta wannan kamar labarin wata ƙasa mai nisa. Yanzu kuwa, tun daga wajen 2019, wa bai ga matan Batsari da Jibiya da Safana sun shigo birnin nan da yara a baya ba, bayan 'yan bindiga sun kashe mazajensu? Mefiboshet yana cikinmu.

Shekaru da yawa yaron nan yana zaune a wani gari da ake kira Lodebar, a gidan wani mutum mai suna Makir. Ban taɓa jin an yi wa'azi a kan Makir ba, ni ma ban taɓa yi ba sai yau. Duk da haka shi ne ya ci da maraya tun ba wanda ya san da shi, a lokacin da riƙon jikan Saul zai iya jawo wa mutum wahala. A ƙauyukanmu ma haka ne. Yawancin marayu ba gidan marayu ne yake riƙe da su ba. Kaka ce, ko gwaggo, ko wata gwauruwa wadda ita kanta da ƙyar take samun na cefane. In ikilisiya tana so ta taimaki maraya, sai ta fara tambaya: wane ne Makir ɗinsa? Buhun gero ɗaya da aka kai wa kakar da take riƙe da jikoki huɗu ya fi amfani da a ɗauke yaran a kai su inda ba su san kowa ba.

Da Dawuda ya aika aka kawo Mefiboshet, abu biyu ya yi masa. Ku lura da su da kyau. Na ɗaya, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya kuma sa Ziba da 'ya'yansa su riƙa nome masa su. Na biyu, ya ba shi wurin zama a teburinsa, ya riƙa cin abinci tare da 'ya'yan sarki. Sau huɗu surar nan ta maimaita zancen teburin.

Zancen gona ba ya bukatar dogon bayani, sai dai yana da ɗaci. Mun sha gani, mutum ya rasu, ba a gama zaman makoki ba 'yan'uwansa sun fara auna gonarsa da ido. A ce za a riƙe wa yara har su girma, yaran su girma su tarar an sayar. Wannan yana faruwa a gidajen masu bi, kada mu ruɗi kanmu. Dattawan ikilisiya suna da haƙƙin su rubuta iyakar gonar maraya a gaban shaidu, su kai wa mai unguwa ko dagaci ya sani. Matasa kuma su yi mata gayya da damina, kamar yadda ake yi wa gonar fasto. Wanda ya ci gonar maraya, sa'an nan ya kawo dami biyu ran godiyar kaka, ni ban san abin da yake tsammani ya kawo ba.

Amma teburin nan shi ne ya fi wuya. Ba da sadaka daga nesa yana da sauƙi. Sa hannu cikin akushi ɗaya, nan ne ake gane abin da yake cikin zuciya.

A zamanin kakanninmu, wanda aka fi gudun cin abinci da shi shi ne mai kuturta. Mu mutanen Katsina mun san Babbar Ruga, can hanyar Batsari. A 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka danƙa wa mishan ta SIM aikin kula da masu kuturta a wurin, kamar yadda aka danƙa mata Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. A lokacin ba magani mai ƙarfi, sai allurar wani mai da ake kawowa daga ƙasashen Asiya, mai zafi, mai ƙarancin amfani. Mutane suka yi shekaru a can, nesa da danginsu. A irin waɗannan wurare har akan raba jariri da uwarsa don tsoron kada ya ɗauka. An yi aikin jinƙai ƙwarai, masu yawa daga cikin iyayenmu a bangaskiya ta wannan hanya suka fara jin bishara, suka koyi karatu da aikin jinya. Amma an yi shi ne ta wurin keɓe mutum.

Daga baya ƙwayar dafson ta zo. A 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa magunguna, tun 1995 ana ba da su kyauta. Yau mai kuturta yana shan magani wata 6 ko wata 12 yana gidansa, ya warke sarai. Da ya fara shan maganin, ba ya ƙara sa wa kowa. An kuma gane cewa yawancin mutane jikinsu ba ya ma kamuwa da ita. Ashe tsoron da ya raba miji da mata, ya raba uwa da ɗa, ya fi cutar kanta girma nesa ba kusa ba.

Na kawo wannan tarihi ne domin abin da aka yi wa mai kuturta jiya, shi muke yi wa mai farfaɗiya yau. Ga shi kuwa ba mu da ko ɗan uzurin da kakanninmu suke da shi, gama kuturta dai ƙwayar cuta ce da akan ɗauka, amma farfaɗiya ba a ɗaukarta ko kaɗan. Bari in sāke faɗi, don wanda hankalinsa ya tafi wani wuri. Ba a ɗaukar farfaɗiya. Ba ta cikin yawu, ba ta cikin kumfar baki, ba ta cikin numfashi ko fitsari. In ka sha ruwa a moɗa ɗaya da mai ita, ba abin da zai same ka. In ka tsallake wurin da ya faɗi, ba abin da zai same ka.

To, mece ce ita? Allah ya yi ƙwaƙwalwar mutum tana aika saƙo zuwa ga dukan jiki ta wurin wani ɗan ƙaramin lantarki. A wurin mai farfaɗiya, wani lokaci lantarkin nan yakan yi yawa farat ɗaya, kamar yadda wuta takan zo da ƙarfi fiye da kima ta rikita kayan gida. Sai mutum ya faɗi, jiki ya sandare, ya yi ta jijjiga minti ɗaya ko biyu, sa'an nan ya lafa, ya farka a gajiye, bai san abin da ya faru ba. Waɗansu ma ba sa faɗuwa. Yaro ne zai yi shiru ya ƙura ido na ɗan lokaci, ana kiransa ba ya ji, malami ya ɗauka raini ne ya zane shi. Ba kowace jijjiga ce farfaɗiya ba. Ƙaramin yaro yakan yi jijjiga saboda zafin zazzaɓi, yawancinsu kuwa in sun girma sukan rabu da ita. Sai abin ya maimaitu ba tare da zazzaɓi ba likita yake kiransa farfaɗiya.

Abubuwan da suke kawo ta a ƙasarmu sanannu ne. Doguwar naƙuda a gida, har jariri ya rasa iska. Zazzaɓin cizon sauro wanda ya hau kai. Buguwa a kai, musamman haɗarin babur. Sai kuma sanƙarau. Manya a cikinmu suna tune da 1996, shekarar da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a nan Arewa. Cikin waɗanda suka tsira, waɗansu sun kurmance, waɗansu ya bar su da farfaɗiya. Akwai kuma da yawa waɗanda likita ma ba ya gano dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ne suke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu. Ta kuma ce har mutum 7 cikin 10 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai. Bakwai cikin goma, 'yan'uwa! Amma a ƙasashe matalauta, wajen uku cikin huɗu ba sa samun maganin.

Na san abin da wani yake cewa a ransa yanzu. Yana cewa, Fasto, ai a Markus sura 9 aljani ne Yesu ya fitar daga yaron. Gaskiya ne, haka aka rubuta, ba na kuwa musun abin da aka rubuta. Amma ka buɗe Matiyu sura 4 aya 24. A can, da ake lissafta waɗanda aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljanu dabam, masu farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Littafi bai ce kowane mai faɗuwa yana da aljani ba, kamar yadda bai ce kowane bebe yana da aljani ba, ko da yake akwai beben da Yesu ya fitar masa da shi. A Yohanna sura 9 kuma, da almajirai suka so su ɗora makantar wani mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa, Ubangiji ya ƙi yarda. Mu ne muke gaggawar neman wanda za mu ɗora wa laifi: kishiya, ko maƙwabci, ko tsohuwar da ba ta da kowa.

Ku dubi kuma yadda Yesu ya yi da yaron. Taro yana ta gardama, shi kuwa ya juya wurin uban, ya tambaye shi tun yaushe abin ya fara. Ya saurari uban yana ba da labarin yadda yaron yakan faɗa cikin wuta da cikin ruwa. Da yaron ya kwanta kamar matacce, mutane suna cewa ya mutu, Yesu ya kama hannunsa ya tashe shi. Ya taɓa shi. Luka ya ƙara da cewa ya mayar da shi ga ubansa, wato gida, cikin mutane.

A nan dole in ba da shaida a kan kaina. Sa'ad da na gama makarantar tauhidi, aka tura ni wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye. Wata Lahadi muna cikin waƙa, wata yarinya 'yar shekara 12 ta faɗi tsakiyar mata. Kafin ka ce kwabo, bencin ya zama wayam. Mata suka janye 'ya'yansu, wani dattijo ya ce kada kowa ya taɓa ta. Marainiya ce, kakarta ce take riƙonta. Bayan sujada tsohuwar ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba Fasto, yaya zan yi da ita?" Na ce, "Iya, ki bar ta a gida tukuna, za mu yi azumi da addu'a." Muka yi azumi, muka yi addu'a da gaske. Amma ban ce a kai ta asibiti ba, don ban sani ba. Abin da ya fi muni, na ji daɗi a ɓoye da ba za ta ƙara tayar mana da hankali a sujada ba. Aka cire ta daga makaranta, aka ware mata kwanonta da tabarmarta. Bayan wata biyar ta faɗi a kan murhu tana dama kunu, ba kowa kusa. Hannunta na dama ya ƙone har yatsu suka manne.

A wurin jinyar ƙunar ne wani ma'aikacin lafiya ya tambayi kakar abin da ya jefa ta wuta. Shi ya sa aka fara ba ta ƙwayar fenobabiton, ƙaramar ƙwaya ɗaya da dare. Wannan magani tun 1912 ake amfani da shi, yana kuma cikin mafi araha a duniya. Faɗuwar ta ragu, daga baya ta tsaya. Ni kuwa na tsaya ina duban hannun nan. Addu'armu ba ta da laifi. Allah da muka roƙa ya riga ya tanada amsa a kantin magani na garin da yake kusa da mu, ni makiyayi ne ban nuna hanya ba.

Saboda haka bari in gaya muku abin da ban sani ba a ran nan. In mutum ya faɗi a gabanka, kada ka gudu. Ka janye shi daga wuta, ko ruwa, ko bakin hanya. Ka sa masa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, ka sassauta masa wuyan riga. Kada ka danne shi. Kada ka tura masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki, gama ba zai haɗiye harshensa ba, sai dai ka karya masa haƙori. Kada a ɗura masa ruwa ko manja ko jiƙo, zai iya shaƙewa ya mutu. Kada a yi masa hayaƙi, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta wai don ya farka. Da jijjigar ta lafa, ka juya shi ya kwanta a gefe ɗaya don yawu ya fita, ka zauna kusa da shi har ya dawo hayyacinsa. Ka kori 'yan kallo. In ya yi fitsari a jikinsa, wata ta rufa masa zane, gama kunyar da yake farkawa a ciki ta fi masa faɗuwar zafi. Amma in jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sāke dawowa bai farka ba, ko mace ce mai ciki, a nemi mota nan da nan sai asibiti.

Game da magani, likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba, ba kuma maƙwabcin da ɗansa yake shan irinsa ba. Ban da fenobabiton akwai waɗansu, kamar wanda aka sani da sunan Tegretol da wanda ake kira Epilim. Shi wannan na ƙarshe yana iya cutar da jariri a ciki, don haka budurwa ko matar aure ta gaya wa likita gaskiyar halin da take ciki. A nan birni akwai Babban Asibiti da Asibitin Koyarwa na Tarayya, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato. Zuwa can ba ya nuna mutum mahaukaci ne. Babban abin kiyayewa shi ne, maganin nan kullum ake shansa, ba sai an faɗi ba. Wanda ya daina farat ɗaya don ya ga sauƙi, ko don kuɗi ya ƙare, ko don wani ya ɗora masa hannu ya ce ya zubar da ƙwayoyin, zai iya faɗawa cikin jijjigar da ba ta tsayawa. In mutum ya yi shekara biyu ko fiye bai faɗi ba, likita yana iya rage masa a hankali. Ina roƙon 'yan'uwana masu wa'azi, ku yi addu'a iyakar ƙarfinku, amma kada bakinku ya ce wa kowa ya bar magani.

Kun ga inda aikin ikilisiya yake. Yawancin waɗanda suke komawa faɗuwa, kuɗin mota ne da kuɗin ƙwayar wata ɗaya suka gagare su. Wannan bai fi ƙarfin Zumuntar Mata ba, su da suke adashin kwanuka da na anko. A sa mutum ɗaya mai aminci ya riƙe littafi, ya san ranar da maganin kowa zai ƙare. A sa wani ya je ya yi magana da hedimasta, yaron ya koma aji. A gyara murhu a ɗaga shi, a yi wa rijiya murfi, kada a aike shi rafi shi kaɗai, kada ya hau bishiya ko ya tuƙa babur sai likita ya yarda. Ban da waɗannan, zai yi noma, zai yi ɗinki, zai yi karatu, zai yi aure ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. In kuwa ana zancen auren, a faɗi gaskiya tun da wuri. Ɓoyewa ce take kashe aure daga baya.

Gurgu da makaho ma ba su wuce wannan tambaya ta teburi ba. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar ƙasa wadda ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya wuce. Ka je ka ƙirga matakalan ƙofar majami'arku. Mutum huɗun nan na Markus sura 2 sun fasa rufin ɗaki don abokinsu shanyayye ya kai wurin Yesu, mu kuwa buhun siminti biyu ya gagare mu. In ya shiga kuma, kada a ajiye shi can baya kusa da takalma. Makahon da ya haddace waƙoƙi ya ja waƙa. Gurgun da ya iya lissafi ya riƙe littafin baiko.

Yarinyar nan da na ba ku labari, ran da za ta koma sujada kakarta ta ji tsoro, ta ce, "Baba Fasto, mutane ba za su yarda ba." Matata ce ta warware mana. A cin abincin Kirsimati na shekarar, da aka zuba wa mata shinkafa a babban tire, ta kira yarinyar ta zaunar da ita kusa da ita, ta sa 'yarmu ƙarama a ɗaya gefen, suka sa hannu tare. Wurin ya yi tsit. Mata biyu suka tashi suka koma wani tire. Sauran suka dubi juna, sai shugabar mata ta wanke hannu ta matso. Yarinyar da hannun hagu ta ci, don na daman bai ƙara buɗewa ba.